Kalangun Armaya'u Mahauci

Armaya'u mutumin Wagini ne, amma a kasuwar Batsari aka fi saninsa, inda ya shekara talatin da huɗu yana fawa. Gadon gidansu ne. Bai taɓa tunanin wata sana'a ba, kuma babu wanda ya taɓa jin ya rera ko da baiti ɗaya na waƙa, har a bikin 'ya'yansa.

Yana da shekara hamsin da bakwai, wata safiya yana riƙe da cinyar wani sa zai datsa, sai cinyar ta zame daga hannunsa na hagu. Ya sunkuya zai ɗauka, shi ma ya bi ta. A asibiti a Katsina aka ce hawan jini ne ya taɓa masa ɓarin jiki. Ƙafa ta dawo da sauri, baki ya ɗan karkace, hannun kuwa ya dunƙule ya ƙi buɗewa. Likita ya ba shi ƙwallon roba ya ce ya riƙa matsawa sau ɗari biyu kullum. Ya matsa kwana uku. Ran na huɗu akuyar matarsa Tasalla ta cinye rabin ƙwallon, bai kuma kore ta ba.

Wata biyar ya yi zaune a zaure. In an gaishe shi ya ɗaga kai, in an kawo tuwo ya ci. Tasalla ce ke ɗaure masa tazugen wando, abin da ya fi ciwon ma ci masa rai.

Ana nan sai Lado ya zo dubiya. Lado shi ne makaɗin mahautan Batsari, wanda in an yanka sa yake zagaya kasuwa da kalangu don jama'a su sani. Zai wuce wani biki a Safana, babur ɗin da ya ɗauko shi kuma ya cika da kaya, sai ya bar tsohon kalangunsa a zauren ya ce zai biyo ya ɗauka jibi.

Da ya dawo, tun daga bakin hanya ya ji wani abu kamar tunkiya mai tari. Ya shiga ya tarar da Armaya'u ya rataya kalangun yana dukansa.

"Sannu da aiki," in ji Lado. "Mi ya yi maka?"

"Takena nake nema. Ya ƙi fitowa."

"Ai ba zai fito ba. Hannun dama duka kawai yake yi. Na hagu shi ke matsa igiyoyin, shi ke sa ganga magana."

Armaya'u ya dubi hannun nasa, ya ce, "To ashe da bebe za mu fara."

Lado ya bar masa kalangun. Duk ranar da ba kasuwa, Armaya'u ya ɗau sanda ya taka zuwa inda Lado ke zama in ya shigo Wagini wajen 'yarsa, su zauna gindin bishiyar bedi. Da farko da hammata yake matsa igiyoyin. Bayan wata biyu babban yatsa ya fara taimakawa. Manuniya ta biyo baya da damina. Ƙaramin yatsa har yau bai yanke shawara ba.

Yusha'u, wan Armaya'u, bai ji daɗin abin ba. Ya same shi bayan la'asar ya ce, "Armaya'u, da furfurarka? Ana cewa ɗan gidanmu ya koma maroƙi."

"Yaya, maroƙi shi ke roƙon mutane. Ni mutane ke roƙona in daina."

Yusha'u ya sha ruwa ya tafi.

Tasalla ba ta ce kiɗan da daɗi ba, don ba ta ƙarya. Abin da ta gaya wa maƙwabta shi ne, Malam ya koma ɗaure wandonsa da kansa, yana cinye tuwo har ya nemi ƙari, kuma ya dawo da faɗan da yake yi in miya ba gishiri. Da suka koma asibiti likita ya sa ya buɗe hannun ya rufe, ya gyaɗa kai ya ce, "Baba, ka ga amfanin ƙwallon nan ko?" Armaya'u ya ce ya gani.

Shekara ta zagayo. Wata ranar kasuwa aka yanka shanu biyu, Lado kuwa yana Runka, an ce hanya ba lafiya, ba mai babur ɗin da zai fito. Sarkin Fawa ya dubi naman, ya dubi rana, sannan ya dubi Armaya'u da ya zo zaman hira da kalangunsa a kafaɗa.

"Take nawa ka iya?"

"Biyu, ranka ya daɗe. Nawa da naka."

"Bar naka. Yi nawa."

Ya shiga kasuwa yana jan ƙafa kaɗan, daga 'yan hatsi zuwa 'yan tumaki, yana kaɗa taken Sarkin Fawa yadda Allah ya hore masa. Mutane suka biyo shi don su ga wane ne. Da suka iso rumfar mahauta suka ga Armaya'u ne ya miƙe, kunya ta hana su komawa hannu biyu. Kafin azahar nama ya ƙare, har kayan ciki.

Yanzu ya koma rumfa rabin yini. Ba ya datsa ƙashi, amma yana yanka tsoka yana jera tsire. Da yamma yana koyon take na uku, na wani mahauci mai suna Badaru. Badaru ya aiko da gaisuwa da godiya mai yawa, ya ce don Allah a bar wa Lado nasa.