Ƙwaron da Ke Tafiya Cikin Ruwa

Mahaifina direban bas ɗin wani mutum ne, daga unguwar Kalakla zuwa kasuwar Suk al-Arabi, kuma idonsa ne ke ciyar da mu. Shi ya sa da Inna ta fara cewa wata farar yana ta sauko masa a ido, sai ya riƙa hayayyaƙo mata, wai lafiyarsa garau. Ni na bi bayansa, don 'yar gaban goshinsa ce ni, ko da na zama budurwa.

Duk ranar Juma'a da la'asar, idan kogi ya ja baya, ni da Baba mukan gangara bakin Farin Nilu, inda ruwa ke kwantawa cikin ciyawa ya yi ɗumi. Can muke tsugunawa kallon wani ƙwaro. Bai fi ƙwayar gero ba, ruwan ƙasa-ƙasa, da ɗigo-ɗigon baƙi a baya. A ruwa yake kwana yake tashi, amma wallahi bai iya iyo ba. Ƙafa ɗaya yake jefawa, sannan ɗaya, yana tangaɗi kamar mai tallar da kaya ya yi wa yawa. Gansakuka yake kiwo. Can sai ya tako sama, ya ɗan turo gindinsa waje, ya guntsi iska a ƙarƙashin ciki, ya koma abinsa. In ka daɗe kana kallo, kiran salla daga hayin Omdurman ma sai ka ji shi kamar daga ƙasan ruwa yake tasowa. Ina son wannan zama fiye da komai.

Wata Juma'a muka tsuguna. Ƙwarin sun cika wurin maƙil, har kan gansakukar da ke gaban yatsun ƙafar Baba. Baba ya sunkuya ya duba, ya duba, sannan ya nisa.

"Bana ba su zo ba," in ji shi.

Na tsorata ƙwarai. Sai na kamfato ruwa da guda ɗaya a ciki, na zuba masa a tafin hannu. Ruwan ya tsiyaye, ƙwaron ya fara takawa a kan fatarsa.

Baba ya juyo gare ni.

"Da yawa ne, uwata?"

"Da yawa, Baba."

Ya sauke hannun cikin ruwa a hankali har ƙwaron ya tafi. Da muka miƙe, shi da ya saba wucewa gaba, sai ya lalubo kafaɗata ya dafa.

"Mu je ki kai ni gidan mai motar," ya ce. "Makullinsa na aljihuna."