Wayar da Na Ɗaure a Zankon Soro

Wata Asabar ce a watan Oktoba na 1957, damina ta ɗauke, ina bisa soron gidanmu a Fagge na ciji bakin wayar tagulla da haƙori, hannuwana biyu suna rungume da zanko. Shekarata tara ko goma, ba wanda ya rubuta. Baba yana ƙasa ya ɗaga kai yana cewa, "Hauwa, kada ki dubi ƙasa!"

Baba mai gyaran rediyo ne a Sabon Gari. A can ya ji cewa Rasha ta harba wani ƙarfe sama, yana kewaya duniya yana kuka, kuma mai akwatin da ke kama gajeren zango zai iya jin sa kafin batirin ƙarfen ya mutu. Da ya faɗa a dakalin ƙofar gida, dariya aka yi masa. Maƙwabcinmu Baba Lasisi, Bayarabe mai sayar da atamfa, ya ce, "Malam Sule, in ka kamo shi ka gaishe min da mutanen sama." Wani ma ya je rumfar Baba ya ɗauke rediyonsa, wai ba ya ba mai taɓin hankali gyara. Wannan ya tsaya mini a rai.

Aikin sai da doguwar waya a sama, namiji kuwa ba ya hawa soro a unguwarmu, don zai hango matan maƙwabta a tsakar gidajensu. Shi ya sa ni na hau. Na ɗaure ta a zanko da wuyan kwalba kamar yadda ya nuna mini, ta gangaro ta ratsa tsakar gida zuwa darbejiya. Aka yi kwanaki ba ma jin komai sai shuuu. Baba ya kwance akwatin ya mayar, ya sake kwancewa, har abinci ya daina ci sosai. Ni da nake wuni a gida ina shara da wanke-wanke na lura da abin da ya ɓace masa: da ya sa ƙafa ya fita, Inna da matan haya sai su shanya jiƙaƙƙun zannuwa a kan wayar. Na sake hawa, na tarar nauyi ya sa ta saki, ta kwanta a kan kwanon ɗakin girki.

Inna ta ce, "Igiya a tsakar gidana, ke ce za ki hana ni shanya?" Na tufka mata wata ta kaba na ɗaure a can gefe, na ja wayar ta miƙe, na zauna a ƙarƙashinta da muciya a hannu. Gaɗa da carafke duk na yafe su.

Bayan la'asar Baba ya kunna akwatin, ni kuma na bi ɗaki-ɗaki ina roƙon a ajiye taɓarya. Mun daɗe muna jira, sai ga shi can ƙasa-ƙasa, tsit, tsit, tsit, kamar kukan ɗan tsako. Ya ƙaru, ya cika zaure, sannan ya dushe. Baba ya ce lokacin da ya yi ƙarfi yana bisa kanmu ne, tazarar kukan kuma ita ke gaya wa masu shi ko ciki da zafi ko da sanyi. Baba Lasisi, da ya shigo zauren kallo, ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce, "Malam Sule, gobe ma a kira ni." Ba a jima ba abin ya yi shiru har abada.

Yau an ce irinsa sun cika sama, jikokina suna magana ta cikinsu suna tauna cingam, ba mai ajiye taɓarya dominsu. Ni dai har yanzu in na ga wanki a kan waya, sai na sauke shi.