Harsashi Ya Riga Wuƙa

Mun tashi da asuba daga Greensboro, ranar wata Asabar cikin sanyin Nuwamba, mu uku a tsohuwar motar abokin karatuna Ba'amurke: ni, da shi, da wani dattijo ɗan Damagaram da muke kira Malam. Ba yawon buɗe ido ya fitar da ni ba. Maiɗakina na da ciki, likita ya ce jininta ya yi ƙasa, ita kuwa ta rantse ba za ta taɓa naman kanti ba tunda ba ta san wanda ya yanka ba. A bakin ƙofa ta ce mini, "In ba da hannunka ka yanka ba, kar ma ka sha wahalar ɗaukowa."

Muka nufi arewa wajen Summerfield. Titi sumul, dawakai na kiwo a bayan fararen shingaye kowanne sanye da bargo, har Malam ya ce dokin nan ya fi ɗalibi gata. Muka karya da ƙwai da wani faten masara marar gishiri, bayan mun tambayi mai abincin sau biyu ko da man alade ta soya.

A shagon kayan farauta na saki baki. Ni jikan maharbi ne, na san adaka da layu, amma ban taɓa jin ana auna nisa da na'ura ba. Mai shagon ya miƙo mini wata aba mai tagogi biyu. Ka leƙa, sai ka ga bishiya ɗaya ta zama biyu. Ka riƙa murza wani ɗan faifai har su haɗe, sai ka karanta yadi nawa ne tsakaninku. Iri biyu gare shi, ƙarama ta kusa da babba ta nesa. Ya kuma nuna mana madubin ɗaurawa kan bindiga, da takardar da ke faɗin yadda harsashi ke sunkuyawa in tafiya ta yi nisa. Ashe harsashi ma gajiya yake yi! Idona ya rufe, na zaɓi babbar da madubi mafi ƙarfi, duk da tsadarsu ta sa ni gumi cikin sanyi.

Hantsi ya ƙare mana a gonar kawun abokina muna harbin kwali, har saiti ya zauna. Bayan la'asar muka laɓe a kan tudu. Dajin ya yi ja da ruwan ɗorawa, shiru kamar masallaci bayan an tashi. Can sai ga barewa namiji ya fito a ƙetaren kwari. Da ido ɗigo ne kawai, amma a madubi har tururin hancinsa nake gani. Na auna, abokina ya raɗa mini in ɗaga saiti kaɗan, na yi bisimilla na harba. Ya faɗi nan take.

Sai a lokacin na tuna da wuƙa. Na zare ta na kwasa a guje. Ga rafi, ga wayar shinge, ga ƙaya, na faɗi na tashi. Ko da na isa, ido ya riga ya kafe.

Malam ya iso yana haki. "Tunda ka ambaci sunan Allah kafin ka harba, malamai da dama sun halatta," in ji shi. "Amma madam ɗinka, wannan kuma fatawarta daban."

A hanyar dawowa zuciya ta yi ta raya mini in ce na yanka, wa zai tona? Da ta tare ni a ƙofa tana murna ta tambaya, sai bakina ya ƙi yin ƙarya. Na faɗa mata yadda aka yi. Ba ta yi faɗa ba. Washegari ta dafa naman da kanta, ta kira maƙwabta, gida ya cika da ƙamshi.

Tafiyar ta koya mini cewa kafin ka sayi kayan harbi, ka tambayi kanka me za ka yi bayan harbin. Na'urar ba ta yi ƙarya ko yadi ɗaya ba, ni ne na zaɓi nisan da ƙafata ba za ta iya ba. Kowa ya ci ya yi santi, ita tana gefe da kwanon wake, tana tambayata ko gishiri ya ji.