Idon Dama na Baba Mai Agogo

Shekara arba'in da biyu Baba Mai Agogo ya yi a rumfa ɗaya, tsakanin mai gyaran takalma da mai yankan makulli, 'yar rumfar da in ya buɗe hannuwansa sai ya taɓa bangon nan ya taɓa wancan. Tebur ne kawai da fitila mai lanƙwasasshen wuya, sai gwangwanaye cike da kusoshin da in ɗaya ya faɗi ƙasa babu mai tsinto shi sai shi. Da wannan tebur ya yi wa 'ya'ya biyar karatu. Mutum ne mai ji da kansa, kuma tsakani da Allah yana da abin ji. Ko da waya ta zo ta kashe kasuwar agogo, masu tsofaffin agogunan gado wurinsa suke zuwa daga nesa, don an san hannunsa ba ya kuskure.

Idon dama shi ne jarinsa. A nan yake maƙala ɗan madubin nan na masu gyara, na hagu kuwa tun yana saurayi ganinsa sama-sama ne. Da yanar ido ta fara rufe na daman, sai da Goggo, matarsa, ta yi wata uku tana mita kafin ya yarda aka yi masa aiki.

Aiki ya yi kyau. Da aka cire bandeji ya ga komai dishi-dishi, likita ya ce tantanin nan mai haske da ke gaban ƙwayar ido ne ya ɗan kumbura, haka yake yi wa wasu, zai sauka. Aka haɗa shi da kwalabe biyu na maganin ɗigawa, kowace sau huɗu a rana.

A gida Goggo ta ce ya kawo ta riƙa ɗiga masa.

"Ke da in kin zuba shayi rabinsa a tire yake ƙarewa?" in ji shi. "Bar min kayana."

Shi ya riƙa yi da kansa, kuma ko minti ɗaya bai taɓa ƙarawa a kan lokaci ba. Amma kwana goma, maimakon ido ya washe sai ya yi jajawur, hawaye ba tsayawa, yana ji kamar an zuba masa yashi. Suka koma asibiti. Likita ya ɗiga masa wani ruwa rawaya, ya haska da shuɗin haske, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce tantanin ya kurje daidai tsakiya, har ya fara zama gyambo. In ya ci ciki zai bar farin tabo, daga nan sai dai a dasa masa wani tantanin, abin da ba kowa ke samu ba. Baba ya san in idon nan ya tafi rumfa ta rufu ke nan.

Likita ya yi ta tambaya. Ya murza idon? Ruwan sabulu ya shiga? Ya tsallake magani? Duk babu.

Akwai wata nas dattijuwa a ɗakin, wadda kowa ke kira Sista. Ita halinta ba ta karɓar "ina sawa" da baki, kowane majinyaci sai ya ɗiga a gabanta. Ta miƙo masa kwalba.

"Baba, ba ƙaryata ka nake ba. Ɗiga in gani."

Ya gyara zama, ya kafa gwiwar hannu a kan tebur, ya kawo bakin kwalbar a hankali har ya taɓa idon, ya ajiye ɗigo ɗaya, ya janye. Ya dubi Sista yana jiran yabo.

"Kin gani, 'yata? Ko kaɗan bai zube ba. A agogo ba a sakin mai daga sama, wannan aikin ɗan koyo ne. Taɓa wurin ake yi, a ajiye shi inda ake so."

"Sau takwas a rana kake haka?"

"Ba fashi."

Sista ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta ce, "Baba, da hannunka irin namu ne, da yau ka taɓa nan gobe can, wurin ya samu ya warke. Kai kullum wuri ɗaya kake samu. Bakin kwalbar nan ne ya kurje maka ido."

Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa fuskarsa. Gwanintar da ya ci abinci da ita shekara arba'in da biyu ita ce ta kusa makantar da shi. Goggo tana da abin faɗa cike da baki, amma ta haɗiye.

Aka zubar da tsofaffin kwalaben, aka dakatar da magani ɗaya, aka ba da wani mai ƙarfi da za a ɗiga duk awa. Sista ta damƙa shi a hannun Goggo, ta nuna mata: a ja fatar ido ta ƙasa, a ɗaga kwalba nesa da ido kamar faɗin yatsa biyu, a saki. Kwanakin farko kunci ya sha magani, gira ta sha, har kunne ya samu rabonsa. Baba yana kwance yana cije leɓe, bai ce uffan ba. Wannan shirun ya fi masa ciwon idon wuya, kuma ya yi shi mako uku cif.

Ranar da suka koma karo na biyar, likita ya sake ɗiga rawayan ruwan nan, ya duba, ya ce gyambo ya rufe. Ɗan tabon da ya rage siriri ne, ba zai tare gani ba. Ya nuna masa allon haruffa ya ce ya karanta.

"Likita, allon nan na masu karatun jarida ne," in ji Baba. Ya zaro madubinsa daga aljihu, ya nuna ɗan agogon da ke maƙale a rigar Sista. "Ara min, 'yata."

Ya ɓalle bayansa da farce, ya maƙala madubin a idon dama, ya sunkuya. Yana ganin kowane haƙori na injin, ɗaya bayan ɗaya, har da wani silin zare da ya naɗe a tsakani. Ya daɗe a haka fiye da yadda aikin ke bukata, don ba ya son su ga abin da ya taru a idonsa, wanda ba na ciwo ba ne.

Ya rufe agogon ya miƙa mata.

"Wannan tun da aka saye shi bai ga wanki ba. Ki kawo shi ranar Litinin, zan buɗe rumfa."