Rijiyar Inna a Ƙasan Gangara

Shekarun baya, a shekarar da aka hana aikin dole, na cika baki gaban abokaina cewa ni da ɗaukar dutsen hanya har abada. Baki kam Allah ya ba ni.

Hanyar Buza zuwa Madawa tana gangarowa daga kan dutse ta faɗa kwarinmu, sai kuma ta miƙe sama nan take. Duk kamiyo, wato babbar motar kaya, in ya iso wurin sai ya doka ƙasa, kaya su watse. Aka turo mai awon hanya. Ya ce ƙasan gangara ba a barinsa da kusurwa, sai a ja shi da tsawo, a cike shi ya kwanta kamar cikin ƙwarya, mota ta sauka ta hau ba ta sani ba. Ya kafa turakunsa, ɗaya ya faɗa daidai rijiyar mahaifiyata. Da ruwanta take noman albasar da ta riƙe mu tun rasuwar babanmu.

Inna ta je ta zauna a bakin rijiyar, ta ce a cike har da ita. Na kuwa san za ta aikata.

Mai awon mutumin kirki ne. Ya ce yana iya fara saukar tun daga sama, ya karkatar da hanyar ta bar rijiyar, amma cikon zai ninka, leburorinsa kaɗan ne, kuma yanzu ba shi da ikon tilasta kowa.

Inna ta ce, “Gona ana yi mata gayya. Hanya mi ta hi gona da shi?”

Ta dama fura, ta kira makaɗi. Mutanen da a da suke gudu daji in sun ji maganar hanya, su ne suka fito da kwanduna. Ni ne a gaba. Wani abokina ya tambaye ni ina cika bakin, na ce masa ya tafi kiwo.

Ranar da aka buɗe hanyar, Inna ta hau kamiyo da buhunan albasarta, ƙwaryar fura cike a cinyarta, wai gwaji za ta yi, ni kuma ina gefenta. Da muka haye ta ɗaga faifan ta duba.

“Ko ɗigo,” ta ce.

Har yau ina mamaki. Dutsen nan shi ne na aikin dole, kwandon ma shi ne, amma ban ji nauyinsa ba. Inna ta rasu, rijiyar tana nan gefen hanya, direbobi suna tsayawa su sha.