Zaren da Na Ɗaura a Dayi

Ni ne nake ɗaure wa ƙanena hannu tun ranar da ya fara shiga fagen dambe. Ba don na fi kowa iyawa ba. Ya ce shi dai ya san halina: mutumin da zai kulle ƙofa ya dawo sau uku yana taɓa kwaɗo ba zai bar zare ya kwance ba. Nakan fara naɗa tsumma a dunƙulen hannun, in bi da zare ina ƙirga zagayen a zuci, in na yi kokwanton ƙirgar sai in warware in sake. Shi kuwa ya yi ta dariya yana cewa, "Yaya, kafin ka gama ai abokin karawar ya tsufa."

Mu mahauta ne, teburinmu yana bakin kasuwa a Malumfashi. Ni ban gaji jikin gidanmu ba, shi ya kwashe: dogo, mai faɗin ƙirji, yakan saɓa cinyar saniya a kafaɗa ya tafi yana hira. Ya fara dambe a Tsiga wata kaka bayan an cire dawa. Ni karatuna a firamare ya tsaya, amma na iya rubutu, sai na sayi littafi ina rubuta kowane wasa: garin, wanda aka kara da shi, da yadda aka tashi. Sau biyu aka taɓa kai shi ƙasa, duk a shekararsa ta farko. Daga nan babu wanda ya sake ganin gwiwarsa ko tafinsa sun taɓa ƙasa, wanda shi ne kisa a dambe. Muka je Funtua, muka je Zariya da Kano, har Legas. Ya ciyo babur, ya ciyo sa. A cikin manya masu nauyi, shi ne zakaran yankinmu shekara da shekaru, kuma duk wasan da ya yi ina gefe.

Abin ya fara ne bayan wani wasa a Funtua. Ya yi kisa, amma an same shi a bayan kunnen hagu. Ya kwana biyu yana ciwon kai da amai, ya ce zazzaɓi ne. Da na zo ɗaure masa hannu a wasa na gaba, sai na ji abin da babu mai iya ji sai mai ɗauri: hannun yana ɗan rawa a cikin nawa, kamar ɗan tsako ka riƙe, kuma ƙaramin yatsa ya ƙi lanƙwashewa sosai. Na dame shi har ya yarda muka je asibiti. Aka ɗauki hoton kansa. Likitan ya dube mu ya ce, in aka sake bugun wurin nan, shi ba zai ce zai tashi ba.

A hanyar dawowa ƙanena ya tsayar da babur a gindin wata ɗorawa ya ce in yi masa alkawari ba zan gaya wa Inna ba, ba zan gaya wa Sarkin Dambe ba. Ya ce zai bari da kansa, a hankali, ba a ce an hana shi ba. Na yi alkawarin. Duk daminar nan, ina huɗar masara ina juya maganar, ko in faɗa ko in yi shiru, har aka yi girbi ban yanke ba.

Da kaka ta yi aka sa dambe a Dayi. Ya ce kallo kawai za mu je. Amma da za mu fita ya ce in ɗauko jakar zare.

"Me za a yi da zare a wurin kallo?"

"In ba ka ɗauko ba, Yaya, wani ma yana da zare."

Na ɗauko.

Mun isa bayan la'asar, fage ya cika, masu babura sun jeru har bakin titi. Akwai wani matashi daga wajen Mahuta, ƙato ne shi ma, wanda ya kashe duk wanda ya kara da shi a kakar. Muna zama makaɗa suka hango ƙanena, suka saki takensa. Na ji jikinsa ya ɗauki tsuma a kusa da ni. Matashin ya zagayo fage, ya zo gabanmu ya miƙa masa hannu.

"Baba, ko an koma sayar da tsire ne? In haka ne a ƙulla mini na ɗari biyar."

Mutane suka kwashe da dariya. Ƙanena ya miƙe tsaye. Ya tuɓe riga, ya miƙo mini hannun dama.

A nan dabarar ta zo mini. A dambe, in zare ya kwance, alƙalin wasa yakan raba, turmin ya ƙare. Turmi uku ne. In aka yi ukun babu kisa, kowa ya koma da mutuncinsa. Sai na naɗa zaren sako-sako, na bar ƙullin ƙarshe, na cusa bakin zaren kawai a ƙarƙashi.

Suka shiga. Suka yi ta auna juna, kowa ya miƙa hannun hagu yana tsaron fuska. Ƙanena ya kai hannu sau ɗaya, zaren ya zubo yana reto. Alƙali ya shiga tsakani. Wani daga cikin 'yan kallo ya ɗaga murya: "Kai, wa ya yi wannan ɗaurin? Ɗaurin alala ne?"

Ƙanena ya dawo ya miƙo hannun, bai dube ni ba. Na sake naɗawa, na sake sassautawa.

A turmi na biyu na ga abin da ban lissafa ba. Ya sami matashin daidai a haƙarƙari, bugun da a da yake durƙusar da mutum, amma tsumman ya zame, hannun ya sauka ba nauyi. Matashin ya ji babu komai a ciki, sai ya shigo da ƙarfinsa. Ya kawo hannu ya sauka a wuyan ƙanena, ƙasa kaɗan da kunnen. Kafin ya sake, alƙali ya ga zare a ƙasa ya raba. Ashe dabarata ta tura ƙanena fage ba makami.

Da ya zo wurina yana haki, ya sunkuyo daidai kunnena.

"Yaya, na sani. Tunda muke, zarenka bai taɓa kwancewa ba."

"Mu tafi gida, don Allah. Ka tuna abin da likita ya ce."

"A gaban mutanen nan? Ɗaura mini sosai in gama da shi da wuri. In ka sake sassautawa, kai ka ba shi kaina. Ko kuwa in miƙa wa wani?"

Sai ga Sarkin Dambe ya taso da sandarsa. Dattijo ne, ya san mu tun muna yara, kuma maganarsa ɗaya ta isa ta tsayar da wasa. Ya dubi hannayenmu a haɗe, ya daɗe yana dubawa.

"Lafiya, Malam? Hannunka ne yake rawa ko nasa?"

Ƙanena ya matse mini yatsu. Kalangu yana ta tashi, matashin yana tsalle a tsakiyar fage. Na buɗe baki ban san abin da zai fito ba.

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"To ka natsu ka ɗaura, rana tana faɗuwa."

Na ɗaura. Ban taɓa yin ɗauri mai kyau irin wannan ba. Na ƙirga kowane zagaye, na ja ƙullin da haƙori.

Turmi na uku bai daɗe ba. Suka kawo hannu tare. Na matashin ya sauka a saman kunnen hagu, na ji ƙararsa daga inda nake. Na ƙanena ya sauka a muƙamuƙi, matashin ya tafi ƙasa gaba ɗaya. Fage ya ruɗe, aka ɗaga ƙanena sama, ana manna masa kuɗi a goshi. Ni dai kunnen nake kallo. Da aka sauke shi ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka gani? Tsoronka ya yi yawa. Na gama, wannan ne na ƙarshe." Muka yi magariba a Dayi, ya ci tuwo ya ƙara, shi ya tuƙa mu gida.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, muna tebur yana sara ƙashi, sai ya ajiye wuƙa ya zauna a kan benci. Ya ce, "Yaya, ranar nan ta cika haske." Ya jingina da ni. Muka sa shi a mota, kafin mu kai asibiti a Funtua ya daina amsa mini. Bayan azahar Allah ya karɓi ransa.

Ni na yi masa wanka. Da na zo hannun dama na daɗe a kansa, har liman ya yi gyaran murya.

Ranar uku Sarkin Dambe ya zo gaisuwa da jama'arsa. Aka yi addu'a, aka yi ta ambaton wasanninsa, wani ya ce a ɗauko littafina a karanta. Na karanta musu har layin ƙarshe: Dayi, kisa a turmi na uku. Da mutane suka fara tashi na bi dattijon har bakin zaure.

"Ranka ya daɗe, tambayar da ka yi mini a Dayi. Nasa ne yake rawa. Likita ya hana shi tun kafin damina."

Ya tsaya yana kallon sandarsa.

"Da ka faɗa, da na hana," ya ce. "Kuma da bai sake yi maka magana ba har ku tsufa." Ya sa takalmansa. "Allah ya jiƙansa. Ka je ka gaya wa mahaifiyarku, kada ta ji a bakin wani."

Na koma cikin gida. Inna tana zaune a kan tabarma da carbi a hannu, mata sun ragu. Na durƙusa a gabanta, na fara daga gindin ɗorawar.