Sabon anime ya aike ni Samaru da tuwo

Ina kallon kashin farko na wani sabon anime, wato katun ɗin Japan, sai Mama ta tsaya a kaina.

"Ƙatuwa da ke kina kallon katun?"

Amma ba ta tafi ba. Yarinyar fim ɗin ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta haɗa hannu kafin ta ci abinci, ita kaɗai.

"Wannan ta samu tarbiyya. Ina uwarta?"

Na ce sai mako mai zuwa za mu sani.

Da yamma ta miƙo min kular tuwo. "Kai wa ƙanwarki makaranta a Samaru. Ita ma ita kaɗai take ci."

Ni faɗa nake jira a fara a fim ɗin, Mama 'yarta ta gani. Ku fa, haka iyayenku suke kallo?